Zare Filogi Ba Shi Ne Tattalin Wuta Ba

A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, wasu masu mitar kati ta KEDCO kan zare filogin kayan kicin kafin barci don yunit ya yi auki. Ribar kaɗan ce. Na'urar ɗumama abinci da ke jone ba ta aiki kan ja kimanin wat 3, wato yunit 2 a wata. Ko a farashin Band A na Afrilun 2024, naira 225, bai kai naira 500 ba. Butar lantarki mai wat 2,000 kuwa cikin awa ɗaya take cinye hakan, don haka a dafa ruwa daidai buƙata. Duk da haka a riƙa zarewa, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi tana ƙona kaya, gyaransu kuma ya fi yunit tsada.