Mu Je Mu Zauna Inda Ake Shirin Rediyo Kai Tsaye



Mu da muka tashi tsakanin Ikara, Makarfi da Kudan, rediyo ce malamarmu ta farko a harkar labari. Gidan Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya raini kakanninmu da iyayenmu, mu ma muka tarar da akwatin a teburin mai shayi da bakin gonar rake. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa zama a wurin da ake gabatar da shiri kai tsaye gaban jama'a, irin mai haɗa waƙa, barkwanci, kacici-kacici da ɗan wasan kwaikwayo. Wannan rashi ne, kuma yana fitowa a rubutunmu.

A irin wannan zaure, ɗan wasa na faɗin magana nan take zai san matsayinta. In ta shiga, dariya ta ɓarke. In ba ta shiga ba, shiru ne, kuma shirun ya riga ya tafi gidajen mutane, ba mai goge shi. Sai ka ga mai gabatarwa ya kalli agogo ya katse zancen, ya kira makaɗi. Mu kuwa mukan saki shafi goma a Facebook ko WhatsApp, ƙawaye da abokai su cika mu da yabo, babu mai gaya mana inda ya tsallake.

Inda abin ya fi damunmu shi ne hirar taurari. A littattafanmu da yawa, tsohuwa 'yar Hunkuyi da malamin jami'a da ɗan acaɓa duk bakinsu ɗaya, kowa na zuba doguwar jimla kamar mai karanta sanarwa. A rediyo ba fuska, ba tufafi, harshe kaɗai ke bambanta mutum. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, kuma Hausar bariki da ya sa a bakin Samanja, mai gauraye da karyayyen Turanci, jimla ɗaya ta isa a gane wane ne. Wanda ya zauna a zaure zai ga mutum tsaye da rigarsa ta yau da kullum, takarda a hannu, amma da ya buɗe baki ya zama dagaci ko ɓarawo. Ya kuma ga jimlar da ta yi tsawo har numfashinsa ya ƙare kafin aya.

Za a ce akwai kuɗin mota, kuma wasu shirye-shiryen yanzu rabinsu tallar magani ce da kirarin 'yan siyasa. Gaskiya ne. To ko a nan akwai karatu: mu lura da lokacin da jama'a suka fara ciro waya.

Zariya ba nisa gare mu. Shawararmu ita ce ƙungiya ta rubuta wa gidajen rediyon Zariya da Kaduna ta nemi izinin halarta, a tafi a ayari da rana don 'yan'uwanmu mata su samu amincewar gida. Kowa ya riƙe littafin rubutu, ya rubuta maganar da ta jawo dariya da wadda ta faɗi ƙasa. A taro na gaba kowa ya miƙe ya karanta shafi ɗaya na hirar taurarinsa da ƙarfi, ba tare da faɗin sunan mai magana ba, sauran su canki wane ne.