Kafin Ka Kai Kuɗinka Shagon Makirufo

Ya ku 'yan'uwana ɗaliban harshe, akwai wata ɗabi'a da na lura ta kama mu a 'yan shekarun nan, kuma ni ma ban tsira daga gare ta ba. Da zarar an ce wa ɗalibi yana da murya mai daɗi, ko ya karanta labarai a taron ƙungiya aka tafa masa, to ya shiga tara kuɗin makirufo ke nan. Ba ya tambayar inda zai kafa shi, ba ya tambayar wutar da za ta riƙe masa kwamfuta, shi dai burinsa ya mallaki irin wanda yake gani a gaban ma'aikatan BBC. Ra'ayina shi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi kamar ni da kai, makirufo mai tsada shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a saya. Ba karantawa na yi ba, a jikina na ji.

Ni mutumin Gidan Waya ne, garin da ke ƙaramar hukumar Jama'a, inda Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna take. A wani dogon hutu na samu aikin karanta wani littafin hikaya domin a ɗora shi a YouTube, irin wannan sana'ar da ta bunƙasa tun da mutane suka koma sauraren littafi a waya maimakon karanta shi. Na ɗauki abin da na tara na wata bakwai, na haɗa da rancen da na karɓa wurin yayata, na aika Kaduna aka sayo mini makirufo irin na situdiyo. Na kafa shi a ɗakina mai bangon siminti da rufin kwano, na kwana uku ina karatu. Da na tura aikin, amsar da mai littafin ta aiko mini gajeriya ce: "Malam, a cikin rijiya ka ɗauka?" Na sa kunne na saurara da kyau. Ga muryata tana dawowa daga bango, ga zakaran maƙwabta, ga tirela tana gangarawa a babban titi, har da ƙarar fanka da ni kaina na manta tana juyawa. Aikin ya tafi hannun wani, ni kuma aka bar ni da bashi.

Makirufon bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Irin wannan da ake kira kwandensa an ƙera shi ne domin ya ji komai, har da motsin leɓe, kuma wasu daga cikinsu ba sa aiki sai an haɗa su da akwatin sauti mai ba su wuta bolt 48, wato wani kashe kuɗin daban. A ɗakin da aka gyara, wannan kaifin ji nasa alheri ne. A ɗakin haya kuwa tonon asiri ne. Da na san haka, da ɗaya nau'in na nema, wato dainamik, irin wanda masu wa'azi da sanƙira ke riƙewa a hannu, domin shi ana kusantar da baki gare shi sosai, sai murya ta danne hayaniyar nesa. Hasali ma dokar sauti ce: duk lokacin da ka rage nisan da ke tsakanin bakinka da makirufo da rabi, ƙarfin muryarka a cikinsa yana ƙaruwa da kimanin desibel 6, alhali zakaran yana nan inda yake.

Saboda haka abu na farko shi ne ɗaki, kuma a nan nake son in ɗan daɗe, domin nan ne ake yawan tafka kuskure. Matsala biyu ce ake cakuɗawa. Akwai ƙarar da ke shigowa daga waje, akwai kuma amsa-kuwwar da ke tashi a cikin ɗakin kansa. Ta farko ba ta da magani mai araha, sai kaurin bango da toshe kafar ƙofa da taga, ko kuma zaɓen lokaci. Ni yanzu tsakanin ƙarfe 1 zuwa 4 na dare nake aiki, lokacin da 'yan acaba suka kwanta, janaretocin unguwa suka yi shiru. Da damina kuwa, wanda ya san ruwan kudancin Kaduna daga watan Afrilu zuwa Oktoba ya san cewa idan ya sauko a kan kwano, sai dai a rufe littafi a jira. Ta biyu ita ce mai sauƙi, kuma kayan maganinta suna gidan kowa. Sauti yana dawowa ne daga abu mai tauri da santsi, yana nutsewa a cikin abu mai laushi da kauri. Tsohuwar katifa a jingine a bango, bargo biyu a rataye, darduma a ƙasa, labule mai nauyi, ko ma buɗe sif ɗin kaya ka yi magana kana fuskantar rigunanka, duk sun fi abin da na kashe wa dukiyata amfani. Gwajin ma ba ya cin ko sisi. Tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji tafin ya yi wutsiya, da sauran aiki.

Bari in yi tsokaci a kan kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango. Na shiga ƙananan situdiyo da dama a Kafanchan na tarar da shi har rufi. Kama kawai ya yi da soson situdiyo, amma takarda ce marar kauri, abin da take sha kaɗan ne, ga tara kyankyaso, ga saurin kama wuta. Wani abin mamaki, ɗaukar da ta fi kowace tsabta a wurina a ɗakin kakata na yi ta, ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa cike da tabarmi da buhunan hatsi.

Bayan ɗaki sai wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a watan Yuni na shekarar, komai da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, man janareta ma ya zama abin lissafi. Ko da man ya samu, janareta maƙiyin mai ɗaukar murya ne, domin gurnaninsa yana bin ƙasa da bango ya shigo. Ƙaramar sola ko batirin ajiye caji da zai riƙe waya da fitila ya fi maka sabon makirufo. Sai hedifon mai rufe kunne, domin wanda ba ya jin kuskurensa ba zai gyara ba. Manhajar gyaran sauti kuwa kada ka biya ko kwabo, Audacity kyauta ce tun shekarar 2000.

To, me ya sa nake kawo wannan zance a mujallar ɗaliban harshe? Saboda mu ne ya fi shafa. Mun zauna a aji an koya mana cewa bambancin kara da ƙara, ko bari da ɓari, yana rataye ne a kan ɗan motsin maƙwallato da ba ya kai ƙiftawar ido. An koya mana cewa garin da ake zama da garin da ake tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Amsa-kuwwa tana jan wasali, tana shafe bakin baƙi. Idan kuma ka ce za ka wanke hayaniyar da manhaja bayan an gama, to yawan wankin yana tafiya da kaifin ƙ da ts, muryar ta koma kamar ana magana a cikin ruwa. Haka nan f ɗinmu da leɓɓa biyu ake furta shi, iska yake hurawa kai tsaye cikin makirufo. Maganinsa safa ce ta mata a ɗaure a zoben waya, a tsayar tsakanin baki da makirufo, tazarar kamar taƙi ɗaya.

Abin ya wuce Hausa ma. A kewayen Gidan Waya da Kafanchan ana magana da Fantswam da Nikyob da Gworok da Jju da Tyap da Hyam, harsuna masu karin sauti, waɗanda yara da yawa suke musanya su da Hausa da Turanci a kan idonmu. Tyap ta samu Wikipedia tata a 2022, amma rubutu ba ya riƙe murya. Ɗalibin da zai je ya ɗauki tatsuniya ko kirari a bakin dattijuwa mai shekara 80 domin kundin kammala karatunsa, wataƙila dama ɗaya gare shi. Idan ya zaunar da ita a falo mai tayil yana taƙama da tsadar na'urarsa, abin da zai dawo da shi ba zai nazartu ba. Wanda ya shigar da ita ɗaki mai katifa, ya kashe fanka, ya kusantar da waya, shi ne zai iya sa alamar karin sauti a kan kowace gaɓa.

Na san abin da wasu za su ce, domin abokina ya faɗa mini a fuska: mai ba da aiki idan ya ga waya da bargo sai ya rena ka, ya rage farashi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman ga masu tallar siyasa da ke son su zo su zauna su ga kaya. Haka kuma waya tana da iyaka, ba na musun wannan, kuma ranar sayen makirufo mai kyau tana zuwa ga wanda aiki ya kankama masa. Amma mafi yawan aikin murya a yau, ko talla ce, ko karatun littafi, ko fassarar fim irin wadda Algaita ta yi suna da ita a Kano, ta WhatsApp ake karɓar samfurinsa. Mai saurare ba ya ganin ɗakinka. Kamfanonin littattafan saurare na ƙetare ma, irin ACX, ba sa tambayar sunan makirufonka, sharaɗinsu shi ne hayaniyar bayan murya kada ta haura desibel 60 ƙasa da sifili. Wannan kuwa jarrabawa ce da ɗaki ke ci ko ya faɗi.

Makirufon nan nawa yana nan ban sayar ba. Sai da na yi wata biyar ina aiki da waya a tsakanin katifa biyu kafin na biya yayata kuɗinta, sannan na fito da shi daga kwali na kafa shi a lungun da na gyara. Mai littafin nan da ta tambaye ni rijiya, na sake tura mata samfuri a bara ba tare da na gaya mata abin da na canja ba. Ta ba ni littafi na biyu, ta kuma tambaye ni sunan situdiyon da na koma.