Sharhi: Gajimare Ba Ya Kare Fata, Auna Hasken UV A Ƙasa Ya Zama Dole

A watan Nuwamban 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa mutane kusan 19,000 sun mutu a shekarar 2019 sakamakon cutar dajin fata da aiki a cikin rana ya haddasa musu. Ga ƙasa irin Najeriya, inda manoma, makiyaya, masunta, 'yan acaba da 'yan kasuwa ke wuni a fili, batun ya cancanci a yi masa kallon tsanaki.

Abin da ke ƙona fata shi ne wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin zafinsa nan take, wanda masana ke kira UV. Iskar ozon da ke sararin samaniya na tare mafi haɗarinsa, sauran kuwa ya iso ƙasa. Tun a 1992 Kanada ta ƙirƙiro ma'aunin ƙarfinsa, daga baya hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka mayar da shi na bai-ɗaya. Daga maki 3 ake buƙatar kariya, maki 11 zuwa sama kuwa shi ne matakin ƙoli, wanda ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kan kai da tsakar rana.

Inda jama'a ke yin kuskure shi ne ɗaukar lumshi a matsayin garkuwa. Hadari mai duhu na rage hasken ƙwarai, amma har kashi 80 cikin 100 na iya ratsa siririn gajimare. Idan kuma gajimaren a warwatse yake, gefunansa kan watso hasken ƙasa, har awon ya zarce na ranar da sama ta yi tangaran. Tudu ma na da tasiri, domin hasken na ƙaruwa da kusan kashi 10 a kowace mita 1,000, don haka sanyin Jos da Mambila ba ya nufin rana ta yi sauƙi.

Ƙurar hunturu da hayaƙin ƙona daji su ma kan zuƙe wani kaso na hasken. A nan ne hasashen tauraron ɗan'adam ke samun tangarɗa, domin daga sama yake ƙiyasi, kuma yakan zarce gaskiya idan ƙura ta yi yawa. Na'urar da aka kafa a ƙasa ce ke auna ainihin abin da ya sauka a jikin mutum, ita ce kuma ke gyara lissafin tauraron.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne zabiya, da dajin fata ke yi wa mummunar illa. Baƙar fata na ba da kariya gwargwado, sai dai ba ta kare ido daga yana.

Saboda haka ya dace Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, da jami'o'i su haɗa hannu wajen kafa na'urorin awo a shiyyoyi daban-daban, daga gaɓar teku zuwa Sahel, a kuma riƙa sanar da makin kowace rana a rediyo cikin harsunan gida, kamar yadda ake yi wa hasashen ruwan sama. Kafin nan, malafa, tufa mai dogon hannu da neman inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma kariya ce da kowa zai iya samu, ko da rana ta ɓuya a bayan gajimare.