Filin Mata: Kwana Talatin A Garin Wasa

 

Abin da ya sa na ɗauko zancen yau, wasiƙa ce na samu daga Yayata, wadda aure ya kai ƙasar Amurka. Ta ce maigidanta ya yi shekara 3 yana tara kuɗi, yanzu kuma an ba shi dogon hutu a wurin aiki, ya ƙudura niyyar kwashe iyalinsa duka su tafi garin wasan nan da a ke kira Walt Disney World, su yi kwana 30 cur. Su 7 ne: shi da ita, da mahaifiyarsa Hajiya, da yara 4, mai shekara 11, da mai 8, da mai 5, da auta mai shekara 2. Yara dai sun daina barci don murna, amma ita Yaya gabanta faɗuwa ya ke yi. Ta ce, "Ƙanwata, ke da kika yi kwalejin horon malamai, taimake ni da lissafi, kada gumin shekara 3 ya narke a wata guda, ni kuma in komo da ciwon baya."

Na sani ba kowace mai karatu ce za ta je wannan wuri ba. Amma kowace mace wata rana za a ce mata ta haɗa kayan iyali don doguwar tafiya, dabarar kuwa ɗaya ce. Saboda haka na ga ya kamata in ba Yaya amsa a gabanku.

Bari mu fara sanin wurin tukuna. Yana cikin jihar Fulorida, kusa da birnin Orlando. An buɗe shi ran 1 ga Oktoba 1971, shekara 5 bayan rasuwar Walt Disney, mutumin da ya ƙago shi. Kada ku zaci fili ne guda mai lilo biyu ko uku. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mil 40, ga otal fiye da 20, ga tafkuna da dazuzzuka. Manyan wuraren wasa 4 ne a ciki. Na fari Magic Kingdom, mai dogon gidan sarauta irin na tatsuniya. Na biyu Epcot, wanda aka buɗe a 1982, inda aka gina unguwannin ƙasashe 11 kewaye da tafki. Har da ta Maroko, wadda Sarki Hassan na Biyu ya aiko da gwanayen magina suka yi mata ado. Na uku Hollywood Studios, na 1989, mai sha'anin fim. Na huɗu Animal Kingdom, na 1998, inda a ke zaga mutane cikin mota suna kallon giwa da raƙumin dawa da karkanda. Tsakanin waɗannan wurare akwai bas, da jirgin ruwa, da jirgin ƙasa mai tafiya a sama kan dogo ɗaya, duka ba a biyan ko kwabo.

To, babban abin da na fara gaya wa Yaya shi ne wannan: wanda zai yi kwana 3 a wuri baƙo ne, amma wanda zai yi kwana 30 ya yi ƙaura. Baƙo ya iya cin abincin saye, ya tara wanki a jaka, ya hana ido barci. Mai ƙaura kuwa dole ya kafa murhu. Duk shirin da za a yi, sai a ɗora shi kan wannan.

Mu soma da masauki. Ɗakin otal guda, mai gado biyu da banɗaki ɗaya, ba ya ɗaukar mutum 7, balle ga suruka. Ko an kama ɗaki biyu, in babu wurin girki an shiga uku. Ku zo mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Mutum 7, ci sau 3 a yini, kwana 30, ya zama kwano 630. Wace aljihu ce za ta sayi kwano 630 a gidan abinci, a ƙasar da bayan kuɗin abincin sai an ƙara haraji, sa'an nan al'ada ta sa a ba mai kawo abincin tukuici na wajen kashi 18 zuwa 20 cikin 100? Saboda haka na ce su nemi masauki mai kicin da injin wanki. Akwai irinsa a cikin garin wasan, amma da tsada. Akwai kuma gidajen haya birjik a gefen garin Kissimmee, nan kusa, masu ɗaki 3 ko 4, da firiji da tukwane. Kowanne da ribarsa. Wanda ya sauka a otal ɗin cikin gari, bas na zuwa har ƙofarsa, kuma ana barinsa ya shiga wurin wasa minti 30 kafin sauran jama'a. Wanda ya kama haya a waje sai ya nemi mota, ya kuma biya kuɗin ajiye ta kowace rana. Amma ga mai wata guda da tsohuwa da jinjiri, ni dai na zaɓi gidan haya. Hajiya ta sami ɗakinta, ta shimfiɗa dardumarta ba mai tsallake ta, ta kuma sami tuwon da cikinta ya saba da shi. A Orlando akwai masallatai da masu sayar da naman halal. Wani abin daɗi kuma, ba a hana mutum shiga wurin wasa da abincinsa, muddin ba a cikin kwalba ba. Ke nan dafa-duka da ƙwai da gurasa da gorar ruwa sun isa abincin rana.

Sai tikitin shiga, inda kuɗi ke zurarewa. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta ya ke shiga, auta ya tsira ke nan. Daga shekara 3 zuwa 9 kuɗin yara ne, ragin kuwa ɗan kaɗan ne. Daga shekara 10 an zama babba, watau yarinyar nan mai shekara 11 kuɗin ubanta za ta biya. Tikitin yini ɗaya ya haura dala 100 ga mutum guda. Mutum 6 ke nan sun haura dala 600, tun ba a sha ko ruwa ba. Sai dai in aka sayi na kwanaki da yawa a haɗe, kuɗin kowane yini yana raguwa ƙwarai.

Amma ga tarkon da maigidan Yaya bai lura da shi ba. Tikitin da a ke sayarwa yau da kullum iyakarsa kwana 10, kuma yana da wa'adi. Na kwana 10 dole a cinye shi cikin kwana 14 daga ranar da aka zaɓa ta farawa. Na kwana 8 cikin kwana 12. Ba a iya ja da shi har wata guda. Mai son shiga kullum sai ya sayi na shekara, wanda ga mutumin da ba mazaunin Fulorida ba ya haura dala 1,500. A ninka wannan sau 6, a gani ko ido ba zai raina fata ba.

Shawarar da na bayar ita ce su sayi na kwana 8. Kowane wurin wasa ya sami yini 2. A shiga yini 2 a jere, a huta na uku, a sāke, har sau 4. Kun ga kwana 12 sun cika daidai, ba gaggawa, ba asara. A makaranta an koya mana cewa yaro ba ya riƙe darasi in an tsawaita shi, shi ya sa a ke buga ƙararrawar tara. Wasa ma haka ya ke. Ko zuma ce, in aka yi ta ɗura wa yaro safe da yamma, sai ya kau da kai.

Ranar hutun nan kuwa ina so a fahimce ta sosai, domin a nan ne a kan cuci mata. Ba ranar da maigida zai miƙe ƙafa, yara su faɗa ruwa, uwargida kuma ta wuni tsakanin tukunya da wanki ba ce. In haka ne, kowa ya je hutu ban da ita. Na ce wa Yaya ta rubuta jadawalin aiki ta manna a jikin firiji tun ranar fari. Babbar yarinya ta ɗauki wanke-wanke, mai shekara 8 shara da jera takalma, mai shekara 5 ya tattara kayan wasansa. Cefane na maigida ne. A kuma zaɓi dare 2 a mako da ba za a hura wuta ba, a ci na saye. Wannan magana a yi ta da maigida cikin ladabi tun a gida, kafin a biya kuɗin komai, domin gyaran da ba a yi a tsakar gida ba, ba a yinsa a bakin titi.

Yanzu sai yanayi. Dogon hutun makarantun Amurka daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin kuwa shi ne tsananin zafin Fulorida. Zafin ya kan kai awo 33, ga gumi mai naci wanda ba ya bushewa. Kusan kowace la'asar hadari ya kan haɗu, a yi ruwa da tsawa, a tsai da wasannin da ke fili. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kuma lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne; a Satumba 2022 wadda aka sa wa suna Ian ta sa an rufe wuraren wasan har yini 2. Don haka kafin a biya kuɗin gida, a tambaya a rubuce ko ana mayar da kuɗi in guguwa ta hana zuwa. Tsarin yini kuma ya zama haka: a yi sammako a isa ƙofa kafin a buɗe, lokacin layi bai yi tsawo ba, da azahar a koma gida a yi salla, a ci abinci, a yi ƙailula, in da sauran ƙarfi a komo da yamma a kalli wasan wuta. Hajiya kuwa kada kunya ta hana a kama mata keken turawa na haya. Zagayen tafkin Epcot kaɗai ya fi mil guda.

Akwai abu biyu game da yara da ba na so a manta. Na fari, wasu lilunan ana auna tsawon yaro kafin ya hau. Wanda a ke kira Space Mountain sai yaro ya kai inci 44. A auna kowane yaro a gida, a gaya masa gaskiya tun da wuri, kada a yi ta tsayuwa a layi a ƙare da kuka. Na biyu ya fi nauyi. Tafkunan Fulorida akwai kada a ciki. A Yuni 2016 kada ya kama wani yaro mai shekara 2 a bakin tafkin wani otal na wurin, ya rasu. Allah ya kiyashe mu. Kada a bar auta ya matsa bakin kowane ruwa, haka kuma kwamin wanka na gidan haya, a tabbata ƙofarsa tana kulle.

Ɓacewar yaro cikin taro kuwa na ɗanɗana ta. Lokacin da mu ke koyon aikin koyarwa, mun kai 'yan aji uku kallon namun daji. Muna shirin komowa na ƙirga, sai na ga babu ɗaya. Na yi kusan sa'a guda ina zagaye, ƙafafuna na rawa, ina tunanin abin da zan faɗa wa uwarta. Ashe tana can tsugune gaban kejin birai, ko a jikinta. Tun ran nan ba na fita da yara sai kowanne da takarda a aljihu mai sunansa da lambar waya, na kuma nuna musu inda za a haɗu in an rabu. Yaya ma haka za ta yi, ta ƙara da nuna musu ma'aikatan wurin, waɗanda kowannensu ke maƙale da suna a ƙirji, ta ce wurinsu za a je in an ɓata.

To, saura babbar tambaya. An cire kwana 12 daga 30, saura 18. Me za a yi da su? Kwana 2 na sauka da cefane, 1 na haɗa kaya. Yini guda lalle a kai yara Kennedy Space Center, tafiyar kamar sa'a ɗaya a mota wajen gabas, inda kumbon Apollo 11 ya tashi a 1969 ya kai mutum duniyar wata. A ganina wannan yini zai fi zama a kan yaro fiye da lilo goma. Yini 1 ko 2 a je bakin teku. Kowace safiya ta hutu a ba yara rabin sa'a na karatu da tilawa, kowannensu kuma ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abin da ya gani, don kada a koma makaranta kai ya yi tsatsa. Duk da haka sai na ga kwana 10 ko fiye suna zaune ba aikin komai, alhali kuwa kowane dare kuɗin haya na tafiya.

Saboda haka na faɗa wa Yaya gaskiya, ko da ba za ta yi wa maigidanta daɗi ba. Na ce su zauna da takarda, su rubuta kwana 30 a jere, kowanne a sa masa abin yi da abin da zai ci na kuɗi. In sun cika su ba tare da ƙage ba, kuma ba bashi, ba a taɓa kuɗin makaranta ba, an kuma ware kashi ɗaya cikin 10 don larura, to Allah ya kiyaye hanya. In kuwa takarda ta nuna ramuka, su mai da shi mako 3, sauran kuɗin a ajiye. Yara ba za su ƙirga kwanakin ba. Abin da za su tuna shi ne ran da suka ga giwa, da ko uwarsu tana dariya a wurin ko kuwa tana gyangyaɗi don gajiya.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin gida. Ku ɗauki iyalin gidanku, ku ƙaddara za ku yi kwana 14 a garin kakanninku. Ku lissafa kwanon abinci nawa, sabulu nawa, kuɗin mota nawa, ku nuna wa iyayenku mata su duba. Wadda ta ga nata ya yi kyau ta aiko wa wannan fili.

Yaya ta ce za ta kai wa maigida takardar bayan sallar isha'i, in ya ci ya ƙoshi. Abin da suka yanke zan gaya muku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.