Wasan Bam A Kwamfuta: Mu Hana Yara Ne Ko Mu Zauna Mu Koya Masu?

Yau ba maganar farashin citta ko halin da hanyar Kaduna ke ciki na zo da ita ba. Wani ɗan abu ne ya faru da ni a nan Jere, na kwana biyu ina juya shi a raina, na ga gara in kawo shi nan mu tattauna.

Wata Asabar da la'asar ina zaune a bakin shagon wani ƙanena mai cajin waya da buga takardu, yara uku sun duƙufa a kan tsohuwar kwamfutarsa, ciki har da ɗana mai shekara 11. Can sai yaron ya daka tsalle yana ihu: "Na dasa masa bam! Ya mutu!" Wani dattijo maƙwabcinmu da ke alwala a gefe ya ajiye buta, ya dube ni ya ce, "Malam, ɗanka ne wannan? Ka ji abin da yake faɗi a bakin titi?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wasa ne na kwamfuta." Ya ce, "A wannan zamani, a wannan yanki, bam ba abin wasa ba ne. Ka raba shi da shi."

Ban yi masa musu ba, don na san inda maganarsa ta dosa. Mu da ke kan wannan hanya ba labari aka ba mu ba. Madalla, inda bam ya tashi a coci ranar 25 ga Disamba 2011, ba ta da nisa da mu. Jirgin ƙasan da aka dasa wa bam ranar 28 ga Maris 2022 kuwa, a kan layin dogon da ya ratsa tasharmu yake tafiya. To amma bayan na zauna na yi wasan da kaina, ra'ayina shi ne Baba ya yi gaskiya a kan bakin yaro, amma bai yi wa wasan adalci ba.

Mai karatu, wasan nan ba sabo ba ne. Sunansa na asali Bomberman, kamfanin Hudson Soft na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1983, sannan ya sake gina shi a 1985 don na'urar wasa ta Nintendo. Waɗanda suka tashi da wasan talabijin mai kaset ruwan ɗorawa, wanda ake rubuta masa cewa wasa dubu ne a ciki, za su tuna ɗan farin mutumin nan mai kai kamar tukunya. A Turai an sayar da wani nau'insa da sunan Dyna Blaster. Kamfanin Konami ya haɗiye Hudson a 2012. Wanda yaranmu ke yi yau a shafukan intanet, ba tare da sun sauke komai ba, galibi kwaikwayo ne na wancan: an canja suna da kamanni, amma ƙa'idar tana nan yadda take.

Ga yadda yake. Fili ne mai layi-layi kamar gidan dara, an jera ginshiƙai na ƙarfe da ba sa fashewa, a tsakaninsu kuma an cika da bulo mai rugujewa. Kai ɗan mutum ne a lungu guda, ba ka da takobi ba ka da bindiga, sai bam ɗaya. In ka ajiye shi, bayan ɗan lokaci kaɗan, kamar ka ƙirga uku, sai ya fashe, wutarsa ta miƙe gabas, yamma, kudu da arewa. Ba jini, ba gawa, zanen yara ne kawai. Abin da ya ja hankalina shi ne wutar ba ta san mai ita ba. Na ƙirga mutuwata goma ta farko, takwas daga ciki bam ɗina ne ya ci ni, ba abokin gaba ba. Daga nan na fara fahimtar dabarun wasan, ga su kamar yadda na gan su.

Na farko, kuma shi ne uban sauran: kafin ka dasa, ka san ta inda za ka fita. A farkon wasa gidaje biyu ko uku kawai gare ka a lungu. Sabon shiga yakan matsa can ƙurya ya ajiye bam a bakin hanya, sai ya waiga ya ga bulo a baya, bam a gaba, kuma ba a tsallake bam. Shi ke nan, sai kallo. Ka ajiye shi a ƙurya, kai ka fito ta buɗaɗɗen gefe. Magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, to a wasan nan yaro zai ga fassarar karin maganar da idonsa sau ashirin kafin magariba.

Na biyu, wuta ba ta shan kwana. Gudu a miƙe ba ya ceton kowa idan wutar ta yi tsawo. Taku biyu, ɗaya gaba ɗaya gefe, ka laɓe bayan ginshiƙi, ya fi taku biyar a layi ɗaya da bam.

Na uku, bam yana tayar da bam. Idan wutar wani ta taɓa naka, nan take zai fashe ko da yanzu ka ajiye shi. Saboda haka kada ka ƙirga lokacin naka shi kaɗai, ka duba wanda ya riga shi sauka a layin. Gwanaye da wannan suke cin mutane: su jera uku ko huɗu, na farko ya ja sauran, abokin wasa yana tsammanin yana da sauran lokaci sai ya ga wuta ta iso shi.

Na huɗu, kayan ƙarin ƙarfi da ke ɓoye a ƙarƙashin bulo ba duka ne alheri ba. Akwai mai ƙara yawan bam, akwai mai ƙara tsawon wuta, akwai takalmin gudu, akwai mai ba ka damar tayar da bam lokacin da ka ga dama, wanda a ganina ya fi duka daraja. Amma duk tsawon da wutarka ta ƙara, mafakar da ta ishe ka ɗazu ba za ta ishe ka yanzu ba. Gudu ma in ya yi yawa sai ka wuce kwanar da kake son shiga. A nau'in da ake karawa da mutane kuma akwai alamar ƙoƙon kai, wadda ke sa maka cuta: ko ka riƙa tafiyar kunkuru, ko bam ya riƙa zubo maka ba da sonka ba. Kada ka kutsa cikin wuta don ɗauko wani abu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyar, ka san halin abokin gaba. A nau'in 1985 mai matakai 50, dodon farko kamar balan-balan yake, yana yawo ba kan gado, haƙuri kawai yake so: ka ajiye masa bam a bakin lungu ka kauce. Na gaba suna da sauri, wasu suna bin ka, wasu ma suna ratsa bulo. Ƙofar fita tana ɓoye a ƙarƙashin bulo, ba za ta karɓe ka ba sai ka gama da su duka. In ka kuskura wutarka ta taɓa ƙofar, sababbin dodanni ne za su ɓarko daga cikinta. Kuma daƙiƙa 200 aka ba ka, in suka ƙare sai mafi mugunta a cikinsu su cika filin.

Na shida, idan da mutum kake karawa, kada ka bi shi da gudu. Ka buɗe wa kanka fili tukuna, ka tara kaya, ka bar masu zafin kai su cinye juna. Tarko mafi sauƙi shi ne ka jira ya shiga lungu mai ƙofa ɗaya, ka toshe bakin da bam. A yawancin nau'o'in, in lokaci ya kusa ƙarewa ginshiƙai kan fara faɗowa daga gefe suna matse filin, don haka ka matso tsakiya da wuri.

To jama'a, ku duba waɗannan shida da kyau. Wanne ne a ciki yake koya wa yaro ƙeta? Abin da na gani shi ne lissafi, da haƙuri, da sanin cewa abin da ka kunna kai zai fara nema. Mu da muke zaune cikin 'yan'uwa Gwari da Koro da sauransu, muna cin kasuwa ɗaya, 'ya'yanmu na aji ɗaya, babu darasin da muke buƙata kamar wannan. Waɗanda suka ga Kafanchan a 1987 da 2011 sun san cewa in wuta ta tashi a gari ba ta tambayar wa ya kunna ta, kuma rumfar baƙo tana cikin na farko da take lasa. Ban ce wasan kwamfuta zai yi wa yaro tarbiyya ba, wannan aikinmu ne. Amma uban da ya zauna kusa da ɗansa minti goma yana kallo, zai sami ƙofar yi masa wannan magana cikin raha, ba da bulala ba.

Sai dai inda Baba ya yi gaskiya dole in faɗa. Baki shi ke yanka wuya. Yaron da ya saba ihun "na dasa bam" a shago, wata rana zai faɗe shi a cikin mota a gaban shingen jami'an tsaro, ko a makaranta kusa da wanda bai san wasan ba, kuma kafin a yi bayani an riga an yi ɓarna. Mu ne dai aka fi saurin yi wa mummunar fassara, wannan kowa ya sani. Shi ya sa a gidana na kafa doka uku. Ba a kiran sunan bam a waje, yanzu "ƙwallo" suke cewa, su da kansu suka zaɓa. Ba a wasa sai an dawo daga Islamiyya an gama aikin makaranta, kuma kiran salla yana kashe kwamfuta ko ana tsakiyar cin nasara. Na uku, ba a sa ko naira ɗaya a kai, don ranar da kuɗi ya shiga ya tashi daga wasa ya zama caca.

Hanawa gaba ɗaya kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba za ta yiwu ba. Wayar da ke aljihun yayansa ta ishe shi, kuma in ya ɓuya ya yi, abin da zai tarar a intanet ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Gara wanda na sani, a inda nake gani.

Na koma na yi wa Baba wannan bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai har yanzu sunan ne ba ya so, amma tun da an gyara bakin yaran, ba shi da ta cewa. Ni kuma har yau ɗan nan nawa cinye ni yake yi, sau biyar a jere ranar Lahadin da ta wuce, uku daga ciki ni na rufe kaina a lungu.

Ku iyaye da ke Kagarko, Kachia, Kafanchan da sauran wurare, ya kuke yi da naku yaran? Ina sauraronku. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin. Sai mun haɗu a karo na gaba.