Taba da Tsufan Garkuwar Jiki: Giɓi a Hausar Kiwon Lafiya

A Gwiwa, kamar sauran garuruwan masarautar Kazaure, ba kasafai mashayin sigari yake riƙe kwalinta ba. Kara ɗaya yake saya wurin mai tebur, duk da cewa dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar da ita kara-kara. Gargaɗin da ke jikin kwalin, wanda da ma da Ingilishi aka rubuta shi, ba ya isa gare shi. Saura gargaɗin baka, shi kuwa ya tsaya a kan tari da huhu da ciwon daji.

Ɓarnar ta wuce nan. A shekarar 2024 mujallar Nature ta buga binciken Cibiyar Pasteur ta Faransa a kan jinin mutum 1,000 masu lafiya. An gano cewa sashen kariyar jiki mai kai ɗaukin gaggawa yakan koma daidai jim kaɗan bayan barin taba. Amma ƙwayoyin T, waɗanda ke haddace kamannin cutar da suka taɓa yaƙa, sukan ɗauki tabon hayaƙin shekaru da dama, domin ya sauya yadda ake karanta umarnin gado da ke cikinsu. Hayaƙin yana kuma haddasa kumburi na a-hankali marar yankewa, irin wanda aka sani a jikin tsofaffi. Shi ya sa haɗarin tarin fuka ya fi yawa ga mashaya.

A nan ne harshe ya gaza. Kalmar "garkuwar jiki" ta yi tashe ne a zamanin yaƙi da ƙanjamau, har kunnen Bahaushe ya ɗaure ta da wannan cuta kaɗai. Wanda aka ce garkuwarsa ta raunana yakan ji kamar an yi masa ƙazafi. Sannan garkuwa makami ce, ko ta tare ko ta karye. Ba ta tuna abokin gaba, ba ta gajiya. Siffar da ta fi dacewa ita ce runduna, mai 'yan sintiri da tsofaffin mayaƙa, wadda za ta iya tsufa tun mai ita yana ɗan shekara 35.

Ya kamata sassan Hausa, na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su zauna da likitoci su daidaita waɗannan kalmomi, sannan a gwada su a bakin ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na Gwiwa da Roni kafin a shigar da su ƙamus.