Ƙarfe Ba Ya Jin Kunyar Kowa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da injiniyoyi suna duba zanen gada ko na bene zai zaci faɗa suke yi. Matashi ɗan shekara 30 zai dubi mai furfura ya ce masa lissafinsa kuskure ne, ba wani sakaye, an jima kuma ka gan su tare suna shan shayi. Mu da muka tashi cikin kunya da kara, wannan hali yakan yi mana nauyi a kunne.

A kasuwa ba haka muke ba. Ko a Maraɗi ko Jibiya, ko Ƙonni ko Illela, idan mutum ya taya kaya da wulaƙanci, iyakar abin da za ka ce masa shi ne "albarka". Dillali yakan lallashi mai saye da mai sayarwa har a daidaita. Likita yakan tausasa mummunan labari, lauya kuma gardamarsa don wanda ya ɗauke shi ya yi nasara ce. Duk waɗannan da mutane suke hulɗa, mutum kuwa ana shawo kansa da daɗin baki. Shi injiniya alƙalinsa ƙarfe ne da siminti da nauyi, waɗanda ba a lallashinsu. Shi ya sa gara kuskure ya fito a bakin abokin aiki tun yana kan takarda.

Abin da ya faru a Amurka a 1986 ya isa misali. Daren da za a wayi gari a harba kumbon Challenger, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roja Bojole, sun ce a dakata. Dalilinsu shi ne wasu zobban roba da ke toshe mahaɗar rokokin, irin robar da ke hana mai zuba a injin mota, suna sandarewa cikin sanyi. Suka ce kada a harba in zafin robar bai kai kamar digiri 12 ba. Jami'an hukumar NASA ba su ji daɗin maganar ba. Manyan kamfanin suka keɓe, aka ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja, sai aka amince. Ranar 28 ga Janairu aka harba cikin sanyi kusan digiri 2. Bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse, mutum 7 suka mutu, cikinsu da wata malamar makaranta. A wajen bincike masanin kimiyya Ricad Fainman ya tsoma guntun robar cikin ruwan ƙanƙara a gaban jama'a, kowa ya ga yadda ta ƙi komawa daidai. Shi kuwa Bojole, abokan aiki suka juya masa baya har ya bar kamfanin.

Ƴan kasuwa, mu ma muna yin abin da manyan kamfanin nan suka yi. Makaniki ya ce motar tan 30 ba za ta ɗauki tan 40 ba, sai mu ce ya cika tsoro. Magini ya ce shagon da muke son ɗora wa bene yana bukatar ƙarin rodi da siminti, sai mu sallame shi mu nemo mai cewa "ba matsala, Alhaji". Ranar da birki ya tsinke a gangare ko dakin ya rufta, kuɗin da muka yi tattali ba zai biya jarin da ya salwanta ba, balle ran yaron mota.

Ba muna goyon bayan rashin ladabi ba ne. Gardamar injiniyoyi tana da ƙa'ida: aikin ake suka, da hujja da lissafi, kuma wanda ya soki na wani dole ya haƙura a soki nasa. Wanda ya haɗa da zagi ya fita daga sana'ar.

Shawararmu ita ce mu riƙe "albarka" a wajen ciniki, inda ta dace. Amma in za mu yi lodi ko gini, mu tambayi mai sana'ar ra'ayinsa tsakani da Allah, in ya ce a'a mu nemi dalili, kada kuma mu kore shi don ya faɗa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu gida lafiya.